Ma'aunin Awa da Ma'aunin Littafi: Sharhi a kan Manhajar Nazarin Addinin Musulunci a Jami'o'in Nijeriya

 

Duk lokacin da aka zauna tattauna matsalolin ilimi mai zurfi a Nijeriya, jerin da ake karantowa sananne ne: ƙarancin kuɗi, cunkoson ɗalibai, lalacewar ɗakunan karatu, ficewar ƙwararrun malamai zuwa ƙasashen waje, da yajin aiki. Babu ɗaya daga cikinsu da aka ƙaga. A shekarar 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ya ɗauki kimanin watanni tara, a 2022 kuma jami'o'in gwamnati sun kasance a rufe daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Sai dai fannin ilimin addini yana da wata cuta tasa ta daban, wadda ko da an zuba wa jami'o'i kuɗin da suke nema gobe da safe ba za ta warke ba, domin a cikin manhaja take zaune. Cutar ita ce ɗalibi yana iya shafe shekaru huɗu a sashen nazarin addinin Musulunci, ya fita da sakamako mai daraja, alhali bai taɓa sauke littafi guda na asali a gaban malami ba, tun daga huɗubarsa har zuwa tammat ɗinsa.

Abin da ya sa maganar ta dace da wannan lokaci shi ne sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022. A ƙarƙashinsa hukumar ce take tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ta ga ya dace da muhallinta. A digirin da ake kammalawa da yunit 120, wannan yana nufin yunit 36 ke nan a hannun majalisar malaman jami'a. An yi ta jayayya a kan ko rabon ya yi adalci, kuma masu cewa hukuma ta shiga hurumin jami'o'i suna da hujja. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce me sassan ilimin addini za su yi da rabon da aka bar musu. Idan za a cike shi da ƙarin kwasa-kwasai masu yunit bibbiyu irin waɗanda ake da su, to an ƙara wa mara lafiya irin abincin da ya kwantar da shi.

Yadda awa ta maye gurbin littafi

Koyar da ilimin addini a aji, da jadawali da jarrabawa, ya girmi jami'o'in ƙasar nan. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka ɗauko mata malamai daga Sudan, a 1947 kuma ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A harabarta aka fara kwalejin da ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero. A wancan zango ɗalibin da ke shiga aji ya riga ya sha karatun zaure, littattafan da ke gabansa na Larabci ne, malaminsa ma da su ya tashi. A ɗaya ɓangaren, Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen Larabci da nazarin Musulunci a farkon shekarun 1960 bisa salon jami'o'in Ingila, inda ake nazarin Musulunci a matsayin tarihi da wayewa, da harshen Turanci. Wannan salo ya yi hidimar da ba za a musanta ba, musamman wajen tattara rubuce-rubucen hannu da tsara fihirisarsu. Amma manufarsa ita ce samar da wanda ya san bayani a kan fiƙihu, wanda kuwa ya san bayani a kan fiƙihu daban yake da faƙihi.

Da tafiya ta yi tafiya, abubuwa biyu suka faru. Aka raba Larabci da nazarin addini a mafi yawan jami'o'i, kowane ya zama digiri mai zaman kansa, Turanci ya zama harshen koyar da na biyun. Sannan tsarin yunit, wanda asalinsa daga Amurka yake, ya zama ma'auni ɗaya tilo, musamman bayan da hukumar jami'o'i ta fitar da mafi ƙarancin mizanin karatu a 1989, ta sabunta shi a 2007. Yunit ɗaya shi ne awa ɗaya ta lacca a kowane mako na tsawon makonni goma sha biyar. Kwas mai yunit biyu awa talatin ke nan, idan ba a ci makon farko da rajista ba, ba a ci na ƙarshe da shirin jarrabawa ba. A cikin wannan awa talatin ake so a koyar da usulul fiƙhi, ko musɗalahul hadisi, ko ilimin rabon gado.

Ma'aunin da malaman wannan ƙasa suka sani kafin nan littafi ne. Wanda ya duba Ida'un Nusukh na Shehu Abdullahi bn Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, zai ga yadda malami yake ba da tarihin karatunsa: sunan shehi, sai sunan littafin da aka karanta a wurinsa. Ya ambaci cewa ya koma hannun yayansa Shehu Usmanu yana ɗan shekara goma sha uku, ya karanci Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙa shida na jahiliyya, da Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, sannan ya bi sauran malamansa ɗaya bayan ɗaya a kan wannan tsari. Kafinsa da ƙarni biyu, Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta a Nailul Ibtihaj cewa ya lizimci malaminsa Muhammad Bagayogo fiye da shekara goma, ya sauke Muhtasar na Halil a wurinsa kusan sau takwas, tsakanin karatunsa da sauraron na wasu, ya kuma shafe shekara uku a kan Tashil na Ibn Malik. Takardar sakamakon jami'a ta yau tana faɗin awa nawa ɗalibi ya zauna da makin da ya ci. Ba ta iya faɗin abin da ya karanta, domin sau da yawa babu wani littafi da za a ambata.

Muzakkira da abin da take haifarwa

Abin da ya cike gurbin littafi shi ne muzakkira, wato takardun lacca da malami yake tsarawa, ɗalibai su kwafa, su haddace dab da jarrabawa. Bai kamata a ɗora wa malamin laifin duka ba. Mutumin da aka ba awa talatin da ɗalibai ɗaruruwa, aka ce ya gama babin ƙiyasi da ijma'i da nasikhi da mansukhi da dalalar lafuzza, ba shi da wata mafita face ya tatso ta'arifi da rabe-rabe ya jera su. Aibin yana cikin tsarin da ya mai da wannan jeri shi ne ilimin.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 808 bayan hijira, ya keɓe fasali a Muƙaddima yana sukar yawaitar taƙaitattun littattafai, yana ganin suna cutar da mai koyo, saboda suna jefa masa ƙarshen fanni tun bai shirya ba, suna kuma shagaltar da shi da warware lafuzza masu tsauri. Abin lura shi ne littattafan da yake suka su ne irin na Ibnul Hajib da Ibn Malik, waɗanda a yau ake ganin mai iya karanta su a matsayin gwani. To ina ga taƙaitawar da aka yi wa taƙaitawa, aka fassara ta zuwa Turanci, ba ta da sharhi, ba ta da hashiya, ba a san daga wane littafi aka ciro kowace jumla tata ba? Muhtasar, duk tsaurinsa, ƙofa ne zuwa ga Mudawwana da sharhohin Haɗɗab da Kharshi da Dardir. Muzakkira ba ta buɗewa zuwa ko'ina, daga ita sai takardar jarrabawa.

A wani fasalin Ibn Khaldun ya bayyana hanyar da yake ganin ita ce daidai: a bi fanni sau uku, da farko a ba ɗalibi tushen mas'alolin kowane babi a dunƙule, a karo na biyu a faɗaɗa sharhi a shigo da saɓani, a na uku kuma kada a bar wani abu mai rikitarwa ba a warware shi ba. Ya yi gargaɗi a kan abubuwa biyu: tsawaita tazara tsakanin zaman karatu, domin tana jawo mantuwa ta yanke mas'aloli daga junansu, da haɗa wa ɗalibi fanni biyu a lokaci guda. Ɗalibin jami'a a yau yana ɗaukar yunit 15 zuwa 24 a zango ɗaya, wato kwas takwas ko goma ko fiye, kowane yana haɗuwa da shi sau ɗaya a mako, kuma da zarar ya ci jarrabawarsa ba zai sake komawa kansa ba. Idan aka ƙara yajin aikin wata takwas a tsakiya, sai a ga cewa duk abin da Ibn Khaldun ya ce yana hana samuwar malaka an tattara shi an mai da shi jadawali.

Misali ɗaya zai fito da bambancin. Ɗalibin da ya yi kwas ɗin usul zai iya kawo ta'arifin mushtarak ba tare da kuskure ba. A buɗe masa Bidayatul Mujtahid a mas'alar shafar kai a alwala, inda Ibn Rushd ya kawo cewa Malik yana wajabta shafar kai duka, Shafi'i yana ganin sashe ya wadatar, Abu Hanifa ya ƙayyade rubu'i, sannan ya mayar da sababin saɓanin ga harafin ba'un da ke cikin ayar, ko ƙari ne ko kuwa yana nuna sashe. A nan ne ake gane wanda ya mallaki fannin, domin mas'alar tana buƙatar nahawu da usul da fiƙihu su yi aiki tare a cikin layi uku. Manhaja ta raba waɗannan ukun a zanguna daban-daban, wani lokaci ma a sassa daban-daban, ba ta kuma tanadi wurin da za su sake haɗuwa ba. A cikin littafi suke haɗuwa.

Illar tana ƙara bayyana a matakin digiri na biyu da na uku. Halil ya bayyana a farkon Muhtasar cewa yana da kalmomi na ishara: akwai wadda yake nufin Mudawwana da ita, ikhtiyari na Lakhmi ne, tarjihi na Ibn Yunus, zuhuri na Ibn Rushd, ƙauli na Mazari. Wanda ya karanci littafin a gaban malami ya san wannan tun zaman farko, ya kuma san cewa Ibn Rushd ɗin da ake nufi shi ne kakan, mai Al-Bayan wat Tahsil, wanda ya rasu a 520, ba jikan mai Bidaya da ya rasu a 595 ba. Wanda kuwa ya shiga littafin ta hanyar binciken kalma a Maktaba Shamila zai ciro jumla daga tsakiya, ya jingina ta ga wanda ba shi ya faɗa ba. Mafi muni shi ne ya ciro maganar da marubuci ya kawo domin ya rushe ta, ya kafa hujja da ita a matsayin ra'ayinsa. Na'ura ba ta da laifi a nan, ni'ima ce ga wanda ya san hanyar littafin. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka shigo yanzu sun ƙara tsananta lamarin, domin suna iya ƙaga nassi da sunan littafi da lambar shafi, kuma ba mai gane ƙagen sai wanda kunnensa ya saba da salon marubucin.

Da a ce abin ya tsaya a cikin kundayen da ke kan kanta, da da sauƙi. Amma daga cikin waɗannan ɗalibai ake samun malaman sakandare da na kwalejojin ilimi, da limamai, da masu amsa tambayoyi a rediyo da Facebook. Tun bayan da jihohi goma sha biyu na Arewa suka faɗaɗa aiki da shari'a daga shekarar 2000, buƙatar alƙalai da ma'aikatan kotu ta ƙaru, kuma takardar shaida ce ake dubawa wajen ɗauka. Matar da ta zo da maganar saki, ko marayun da ake raba musu gado, ba ruwansu da yawan yunit. Hukuncin da zai faɗa kansu ya dogara ne ga ko wanda ke zaune a kan kujera yana iya buɗe Tuhfatul Hukkam ya fahimci baiti da sharhinsa.

Harshe

Ba a iya raba wannan magana da ta harshe. Nassin Larabci ne, lacca da jarrabawa da Turanci, aikin da ɗalibi zai yi bayan ya fita kuwa, a wannan yanki, mafi yawansa da Hausa ne. Ɗalibin da ya zo daga makarantar Larabci yana wahala da Turancin, wanda ya zo daga sakandaren boko yana wahala da Larabcin, sai malami ya sauko zuwa matakin da kowa zai iya ci, wato haddar isɗilahi a rubutun boko tare da fassararsa. Gwamnati ta yarda tun 1992, lokacin da ta kafa Ƙauyen Larabci a Ngala, cewa ɗalibin Larabci yana buƙatar ya nutse cikin harshen na wani lokaci. Ɗalibin tafsiri da hadisi, wanda duk sana'arsa a kan nassin Larabci take, bai fi shi wadatuwa daga wannan ba.

Akwai abin da ake rainawa a karatun zaure wanda ya cancanci a sake dubansa, wato fassarar kalma da kalma zuwa Hausa. Ana yi mata kallon tsohon yayi, ana dariyar Hausarta mai nauyi. Alhali jarrabawar i'irabi ce da ake yi a kowace jumla: almajiri ba zai iya fassara ba sai ya nuna wane ne fa'ili, ina lamiri ya koma, ina jawabin sharaɗi yake. Kuskurensa yana fitowa nan take, malami ya gyara nan take. Ɗalibi yana iya ɓoye rashin fahimta a bayan jumlar Turanci da ya haddace, amma ba ya iya ɓoye shi a harshen da ya tashi da shi.

Adalci ga jami'a

Wannan sharhi ba kira ba ne na a rushe aji a koma zaure. Zaure yana da nasa aibobin, kuma manyan malamai ne suka fara faɗinsu. Shehu Muhammad Ɗahir Ibn Ashur, a littafinsa Alaisas Subhu bi Ƙarib, ya soki karatun Zaituna na zamaninsa saboda rashin tsari da sa ido, da nutsewa cikin jayayyar lafuzzan hashiyoyi har a manta da fannin kansa, da sakaci da koya wa ɗalibi rubutu. Duk wanda ya san makarantun ilimi na ƙasar Hausa ya san almajirin da ya shekara ashirin yana biya karatu, ya sauke Lauwali da Sani, amma ba ya iya rubuta shafi biyu a kan mas'ala, bai kuma san a wane ƙarni marubucin littafinsa ya rayu ba. Jami'a ta kawo tarihin fannoni, da kwatanta mazhabobi, da hanyar bincike, da wa'adi, ta kuma buɗe ƙofa ga mata da yawan da zaure bai taɓa yi ba. Azhar ma da ta bi hanyar tsangayoyi da jarrabawa tun dokar 1930, ta ƙara faɗaɗawa a 1961, daga baya ta farfaɗo da halƙoƙin karanta littattafan asali a cikin masallacinta, ba tare da ta rufe tsangayoyin ba.

Jami'o'in Musulunci suna da ƙarin nauyi a nan. Tun taron farko na duniya a kan ilimin Musulmi da aka yi a Makka a 1977 ake maganar haɗa ilimin wahayi da na zamani, kuma a cikin wannan yanayi aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar a 1986, da ta Mbale a Yuganda a 1988, sannan a 2005 aka ba da lasisin jami'o'i irin su Al-Qalam a Katsina da Al-Hikmah a Ilori. Tsarin da Isma'il al-Faruƙi ya gabatar a 1982 ya sharɗanta ƙwarewa a ɓangarori biyu, fannin zamani da gadon Musulunci, kafin a yi maganar haɗa su. Sharaɗin na biyu shi ne aka fi saurin tsallakewa. Ba a iya shigar da fiƙihun mu'amalat cikin ilimin tattalin arziki ta hannun wanda bai karanci babin buyu'u a littafi ko ɗaya ba.

Abin da yunit 36 za su iya ɗauka

Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfin majalisar sashe ba. A ɗaure wani kaso na waɗannan yunit ga littattafai da aka ambata da sunansu, a bi su a jere daga zango zuwa zango, a rubuta sunan littafin a takardar sakamako. Risala ta Ibn Abi Zaid babi 45 ce. Zanguna huɗu sun isa a sauke ta da ɗaya daga sharhohinta. Waraƙat ta Juwaini da Nukhbatul Fikar ta Ibn Hajar kowace tana shiga zango ɗaya har a sami lokacin aiki da ita a kan misalai. A shekarar ƙarshe a ɗauki yanki mai tsawo na Bidayatul Mujtahid ko Miftahul Wusul na Tilimsani, inda ɗalibi zai ga yadda ƙa'ida take haifar da hukunci. A tafsiri babu dalilin da zai sa ɗalibin wannan ƙasa ya fita bai karanci juzu'i ɗaya na Diya'ut Ta'awil ba. Kwasa-kwasan tarihi da gabatarwa su ci gaba a kashi 70 na hukuma, su zama su ne zagayen farko na Ibn Khaldun, littafin kuma ya zama na biyu.

Za a ce yawan ɗalibai ba zai bari ba, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Amma tsofaffin makarantu sun san cunkoso. Nizamiyya ta Bagadaza, wadda aka buɗe a 459 bayan hijira, da makarantun da suka biyo bayanta, suna da muƙamin mu'idi, wato babban ɗalibi da yake maimaita wa ƙanana darasin shehi yana sauraron karatunsu. A zaure ma manyan almajirai ne suke biya wa na ƙasa. Ɗaliban digiri na biyu da na uku su ne mu'idan jami'a. Idan aka raba aji zuwa halƙoƙi na mutum goma sha biyar, kowace a hannun ɗaya daga cikinsu, aka saka masa da rangwamen kuɗin makaranta, to ƙaramin ya sami mai sauraronsa, babban kuma ya sami zagayensa na uku, domin babu abin da ke tona gurbin da ya rage a fahimta kamar koyarwa.

Dole jarrabawa ta canza tare da wannan, in ba haka ba ɗalibai za su mai da littafin ma muzakkira. A ajiye wa ɗalibi shafin da ba shi da wasali, daga littafin da ya karanta ko makamancinsa, ya karanta da baki a gaban malamai biyu, ya warware ma'anar da Larabci ko da Hausa, ya faɗi inda mas'alar ta dosa. Minti goma sun isa. Irin wannan jarrabawa ba a satar amsarta, na'ura kuma ba ta zauna wa kowa ita. A matakin bincike kuwa, a ƙarfafa tahƙiƙin rubuce-rubucen hannu a matsayin kundi cikakke. Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Yamai, suna riƙe da rubuce-rubucen da har yanzu ba a buga su ba, alhali ana ta maimaita kundaye a kan gudummawar malam wane a garin kaza.

Abubuwa biyu ne za su yi wuya. Na farko shi ne matsayin malaman zaure. A kowane babban gari akwai wanda ya sauke Muhtasar ga ɗalibai sau da dama, ba shi da digiri, saboda haka ƙa'idar ɗaukar ma'aikata ba ta san da zamansa ba. Jami'a tana iya gayyatarsa a matsayin malami mai ziyara, malamin sashe ya zauna tare da shi ya riƙe ɓangaren maki da rubutu. Wannan yana buƙatar tawali'u daga ɓangarorin biyu, kuma yana buƙatar tsarin ƙarin girma ya daina auna malami da yawan maƙalu kaɗai, domin wanda ya ba da zanguna huɗu ga Risala ba zai tara takardu kamar wanda ya raba bincike ɗaya gida biyar ba.

Na biyu shi ne ƙofar shiga. Karatun littafi ba ya yiwuwa ga wanda bai iya Larabci ba, don haka ko dai a sa gwajin karatu kafin a karɓi ɗalibi, ko a tanadi shekarar share fage ta harshe zalla ga wanda bai kai ba. Kowanne aka zaɓa, adadin masu shiga zai ragu a farko. Jami'ar gwamnati tana iya jure wannan. Jami'a mai zaman kanta, wadda da kuɗin ɗalibai take biyan albashi, kuma asusun TETFund ba ya tallafa mata, za ta ji a jikinta, ga shi kuwa mafi yawan jami'o'in Musulunci a ƙasar nan masu zaman kansu ne. Tsofaffin madarisu da waƙafi suka rayu, kuma takardar waƙafin takan ƙayyade albashin mudarrisi da na mu'idi da guzurin ɗalibai. Attajiran da suke gina masallatai da ɗakunan taro a harabar jami'o'i za su iya tsayar da waƙafi a kan kujerar karatun Muwaɗɗa ko ta Muhtasar, da sharaɗin a sauke littafin a cikin wa'adi sananne, idan hukumomin jami'o'in suka kai musu buƙatar a rubuce, da lissafin abin da kujera ɗaya take ci a shekara.